Rariyar Lungun Baba Ladan

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na ja mutanen Gwadangaji a bayana, manyansu da ƙananansu, har da maigidana na ofis, muka tafi kamun mai laifi. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, amma har gobe in abin ya faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo, sai na ajiye lomar na rufe fuska.

A lokacin ba a yi jihar Kebbi ba, duk muna ƙarƙashin Sakkwato ne, Birnin Kebbi kuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai. Ni ɗan Argungu ne. Ina gama makarantar koyon aikin tsabta aka turo ni Birnin Kebbi a matsayin ƙaramin duba-gari. Zamanin soja ne, tsabta ta zama doka, ana tsoron mai kaki ko da kuwa kakin duba-gari ne. Ga ni da sabon kaki mai kari, ga dogon ludayin da nake leƙa randunan mutane da shi, ga littafin sammaci a aljihu, ga babur. (In ka gan ni a lokacin sai ka rantse ni ne gwamnan soja, alhali ko kujera ba ni da ita a ofis, a kan benci nake zama.)

Gidan haya ya yi wuya a cikin gari, sai na samu a Gwadangaji, wanda a wancan zamanin ƙauye ne a gefen Birnin Kebbi, ma'aikata sun fara tsiro masa da ɗai-ɗaya. Gidan na siminti ne, sabo, ƙofarsa na kallon babbar hanya, bayansa kuma ya jingina da tsohon gari. Kafin mu tare, magini ya tambaye ni ta ina zai huda rariyar banɗaki. Ya ce in ta gaba ce, akwai gangare, ruwa zai bi ya faɗa lambatu. Na ce a'a, ƙofar gidan duba-gari ba ta zama da laima, ya huda ta baya. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa ni na karanta aikin nan, ba shi ba. Ya huda ta baya. A zatona kango ne a can. Ban zagaya na gani ba, kuma wata biyar na farko da muka yi a gidan ban taɓa zagayawa ba. Da safe in hau babur in yi ofis, da yamma in dawo, ran Asabar in wuce Argungu gaida iyaye. Iyakar sanina da garin ke nan, sai masallacin bakin hanya.

Ana nan matata Hajara ta haihu, haihuwar fari, mace. Surukata tana Augie, ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ba halin ta zo, ita kuma Hajara likita ya ce kada a yi doguwar tafiya da ita don ta sha wuya. Ina ta tunanin yadda za a yi da wankan jego, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, da ɗaurin itace a ka da damin ganyen darbejiya a hannu. Sunanta Inna Kulu. Ba wanda ya aike ta. Ta ce ta ji an haihu a gidan baƙi, kuma ba a barin mai jego ita kaɗai a garinsu. Tun daga ranar, safe da yamma, ita ke dafa ruwa a babbar tukunya, ta yi wa Hajara wanka, ta wanke jaririya, ta dama kunun kanwa. Nakan gaishe ta a tsaitsaye in wuce. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ina ne gidanta ba, ko matar wa ce. (Allah ya yafe mini, na ɗauka irin alherin nan haƙƙina ne, tunda ni ma'aikacin hukuma ne.)

Damina ta ja baya, an fara yankan gero, shinkafa ta fara nuna a fadama, sabuwar shekarar Musulunci ta matso. Sai mai gari ya sa aka yi shela cewa bana ba za a tsaya ga cika-ciki kawai ba. Kowa ya kawo shawarar abin da yake ganin zai gyara gari a shekarar da za a shiga, a tattara, a karanta a taro, a zaɓi wanda za a iya da aikin gayya, sauran a miƙa wa ƙaramar hukuma. Ana neman mai rubutu, sai aka ce ga malamin duba-gari. Na karɓa ina wani basarwa, amma cikina fal da murna.

Yamma uku na yi a gindin tsamiyar ƙofar masallaci da littafi a cinya, mutane na zuwa suna faɗin nasu. Mamman mahauci ya ce a yi musu dakalin siminti na yanka, don sun gaji da feɗe dabba a kan ganye. Wani manomi ya ce hanyar fadama ruwa ya cinye ta, jakinsa ya kusa karyewa da kayan albasa bara, a zuba duwatsu. Mata suka aiko da saƙo ta bakin mazansu cewa a yi wa rijiyar tsakiyar gari murfi, akuya ta faɗa, ba sa so na gaba ya zama yaro. Suka ƙara da cewa a tura ungozoma ɗaya ta koyo aiki a asibiti, don Birnin Kebbi kusa ce ga mai lafiya, amma ga mai naƙuda tafiyar yini ce. Wani tela ya ce a dasa darbejiya daga gari har bakin birni, masu tafiya a ƙasa su samu inuwa. Samari suka ce filin ƙwallo. Wani dattijo kuma ya zauna ya gyara murya ya ce shi shawararsa guda ce, jakin maƙwabcinsa ya koma yamma da gari, don shekara uku ke nan bai yi ƙailula ba.

Ina rubutawa ina taɓe baki. A raina na ce mutanen nan ba su san ci gaba ba. Murfin rijiya! Ni da na ga Sakkwato, na ga Kaduna sau ɗaya!

Na ƙarshe da ya zo shi ne Baba Ladan, mai kiran sallar masallacin. Tsoho ne siriri, makaho, ya san garin da sandarsa fiye da yadda masu ido suka san shi. Na lura da tsumma ɗaure a wuyan hannunsa. Ya lalubi tabarma ya zauna, ya gaishe ni har da tambayar mai jego da jinjira, sannan ya ce da irin harshenmu na yamma:

"Malam, tawa ba ta da yawa. Lungun da nika biyowa zuwa masallaci, akwai ɗan ruwa da ka tsayawa. In an samu katako guda a aza, shi ke nan."

Na ce, "Ruwan sama?"

Ya ce, "A'a, na rariya na."

Kunnuwana suka miƙe. Rariya ai fagena ce. Na ce, "Rariyar gidan wa? Ita ta kayar da kai ka ji ciwo a hannu?"

Ya yi murmushi ya rufe hannun da bakin riga. "Kai dai rubuta katako, Malam. Katako nic ce."

Na rubuta, amma ba katako na rubuta ba. Na rubuta: ƙazamar rariya mai barazana ga lafiyar al'umma. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da na koma gida na ga shawarwarin sun yi mini ƙanƙanta, sai na ƙara nawa a sama. A gina shataletale a mashigar gari, a kafa gunkin giwan ruwa a tsakiya tana feso ruwa ta baki (ɗan Argungu dai ba ya rabuwa da kifi). A gina hasumiya mai agogo. A raɗa wa kowane lungu suna a kafa allo. Na kuma je na gayyato maigidana na ofis, Alhaji Bawa, shugaban masu duba-gari, mutum mai ƙarancin magana wanda dariyarsa ba ta wuce motsin gashin baki. So nake ya ga irin yaron da Allah ya ba shi, don ana maganar ƙarin girma a ƙarshen shekara.

Ranar taro bayan la'asar, fili ya cika. An shimfiɗa wa mai gari da Alhaji Bawa darduma, dattawa a kan tabarmi, samari a tsaye, mata can gefe ta bayan zana. Na sha kaki, na goge takalmi har ina ganin fuskata. Aka yi addu'a, aka ba ni fili.

Na fara da nawa, ba shakka. Na karanta maganar shataletale. Can sai Mamman mahauci ya ɗaga hannu.

"Malam, shi wanga abu, mi aka kewayawa da shi?"

Na ce, "Motoci."

Ya ce, "Motocin wa?"

Aka bushe da dariya. Wani daga baya ya ce in dai jakuna ne, su ba sa kewaye, kai tsaye suke tafiya. Kan hasumiya kuwa wani ya ce ai suna da Baba Ladan, kuma shi ba a sa masa batir. Na saci kallon Alhaji Bawa, na ga gashin bakinsa ya motsa. Zuciyata ta yi zafi. Na karanta na sauran mutane da sauri-sauri, amma kowanne na karanta sai ka ji ana "ƙwarai kuwa", ana "wannan ita ce magana". Murfin rijiyar da na raina, har guɗa aka yi masa daga bayan zana.

Na ga taro na neman tashi ban ci komai ba. Sai idona ya faɗa kan layi biyun nan da na ja. Na ce a raina, yauwa, ga inda zan fanshe.

Na rufe littafi, na gyara tsayuwa, na ɗaga murya. Na ce jama'a, duk wannan gyaran banza ne muddin akwai marasa imani a cikinmu. Na ce a garin nan akwai wani mutum, wanda ba ya tsoron Allah ba ya kunyar mutane, ya saki rariyarsa a kan hanyar masallaci. Na ce bawan Allah makaho, mai tashe mu salla, ya faɗi a cikinta ya ji ciwo. Na kawo sauro, na kawo zazzaɓi, na kawo amai da gudawa, na kawo tsabta cikon addini. Na ce irin wannan mutum ko a dabbobi sai an tona.

Abin da ya kamata ya ankarar da ni shi ne, ba wanda ya ce "ƙwarai kuwa". Kowa ya sunkuyar da kai. Mai gari ya kama jan carbi da sauri. Ni kuwa na ɗauka kaifin maganata ce ta ratsa su.

Baba Ladan na zaune kusa da ƙafata. Na ji an ja bakin wandona.

"Malam, katako nic ce."

Na ce, "Baba, ka bar ni da shi. Haƙurinku ne ya lalata mutane."

Na juya ga mai gari na ce ba sai gobe ba, yanzu-yanzu a tashi a je a ga rariyar nan, a gaban shugabana, in rubuta wa mai ita sammaci kowa na gani, ya zama aikin farko na sabuwar shekara. Mai gari ya ce, "Malam, da an bari har a natsa, rana ta yi sanyi." Na ce gyara ba ya jiran gobe. Aka sake jan wandona, na janye ƙafa. Alhaji Bawa, wanda shi ma bai san komai ba, ya miƙe ya ce, "To, mu je mu gani."

Haka muka ɗunguma. Da yake ban san hanya ba, na ce Baba Ladan ya shige gaba. Tsohon nan ya yi ta jan ƙafa, ya tsaya ya ce sandarsa ta saƙale, ya tsaya ya ce ya manta hanya (mutumin da ya shekara arba'in yana bin ta!). Har wani lungu daban ya so ya karkata da mu, yara suka ce, "Baba, ba nan ba ne!" Muka kutsa cikin tsohon gari, mu karya dama, mu karya hagu, mu wuce rumbuna, mu wuce turken awaki, har na rasa gabas da yamma. Ina tafe ina ƙara wa jama'a bayani a kan tarar da doka ta tanada.

Sai ga mu a wani matsattsen lungu. A hagu ƙaramin gidan ƙasa mai ƙofar zana. A dama doguwar katangar siminti. A gindinta rariya, ruwa ya kwanta baƙi ƙirin ya cike lungun daga bango zuwa bango, ya yi gansakuka. An jera 'yan duwatsu a ciki don takawa, an kuma yi wata 'yar hanya da fartanya don a kau da ruwan daga ƙofar zanar.

Na ce, "Kun gani! Kuma gidan siminti! Mai hali ne, ba talaka ba. Wataƙila ma ya yi boko!"

Na tsinci gawayi na zana ƙaton kuros, alamar laifi, a katangar. Na zaro littafin sammaci, na cire murfin biro da haƙori.

"Sunan mai gida?"

Mai gari ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman jinjirin wata. Mamman mahauci ya kama tari. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya aka toshe mata baki.

"Tsoronsa kuke ji? Ni ba na tsoron kowa!"

Na karɓi sandar Baba Ladan na bubbuga katangar da ƙarfi. Daidai lokacin rariyar ta yi gurnani, ruwa mai tururi ya bulbulo, da ganyen darbejiya a ciki, ya malale a kan takalmina mai ƙyalli. Daga cikin gidan kuma wata murya ta taso, murya da na sani fiye da tawa:

"Wane ne ke buga mana bango? Ku bari mana, yarinya na barci! Maigidan ba ya nan, ya tafi taron gyaran gari!"

Hajara.

Na ɗaga kai a hankali. A saman katangar, ga ɗaya rigar kakina da ta wanke da safe an shanya, hannuwanta na reto ta wajenmu. Sai muryar Inna Kulu ta biyo baya tana cewa, "Rabu da su ɗiyata, yaran lungun ga ba su jin magana. Juyo in gasa miki bayan."

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙarya ba ne. Gumi ya karyo mini tun daga ƙeya har cikin safa. Murfin biro na bakina na kasa tofarwa. Duk kalmomin da na faɗa a filin nan suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, marar imani, marar kunya, ko a dabbobi sai an tona. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba wanda ya yi dariya. Da sun yi dariya da na samu sauƙi. Mutum sama da ɗari sun tsaya a lungu suna jin kunya a madadina.

Alhaji Bawa ya dubi rigar, ya dubi wadda ke jikina, ya dubi kuros ɗin da na zana. Gashin bakinsa ya yi rawa kamar zai tashi. Ya ce, "To, Malam, rubuta mana. Ina jin ka san sunan."

Wallahi na ɗora biro a kan takarda zan rubuta. Sai Baba Ladan ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya juya wajen da ya ji muryar Alhaji Bawa.

"Ranka shi daɗe, ni ban kawo ƙara ba. Ruwan ga na jego na, ba a kai ruwan jego gaban alƙali. Kuma mai zuba shi tsohuwata ta, in sammaci za a ba, ita za a ba. Kwana arba'in na, saura sha biyu." Ya ƙara da cewa, "In na hito kiran magariba nit taka shi da ɗumi, sai in san mai jego ta yi wanka, tana lahiya. Hwaɗuwa guda ta, ita ma santsi na, ba mugunta ba."

A nan ne na gane cewa Inna Kulu matarsa ce, kuma ƙofar zanar nan ta gidansu ce. Matar da ke yi wa iyalina hidima safe da yamma, bango ɗaya ne tsakaninmu. Kullum sai ta zagaya rabin gari ta shigo ta ƙofata, ta dafa ruwa, ta zuba, ruwan ya fita ya kwanta a ƙofarta, ta dawo ta ɗauki fartanya ta kau da shi don kada mijinta ya zame. Kuma tun kafin jegon, wata biyar ruwan wankana da na wankinmu ke bin lungun.

Mai gari ya ce magariba ta kawo jiki, kowa ya je ya yi alwala. Jama'a suka watse sumui-sumui, ba mai duban fuskata. Alhaji Bawa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ajiye littafin nan. Ranar Litinin in zo in ga lungun nan a bushe." Ya tafi. Aka bar ni da Baba Ladan. Na durƙusa a cikin caɓin nan da kakina, na ce, "Baba, me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai baƙo na, kuma hukuma na. Wa ka ce ma duba-gari shi duba? Tashi, kama min hannu, lokaci ya yi."

Na kama hannunsa muka taka duwatsun nan tare har masallaci. Da ya ɗaga murya ya yi kabbara, na tsaya a bayansa hawaye na zuba, na fake da alwala.

Da na shiga gida na ba Hajara labari, ta yi dariya har tana riƙe ciki tana roƙona in yi shiru don ɗinkinta. Inna Kulu kuwa faɗa ta kama yi, ba da ni ba, da mijinta. Wai ta hana shi zuwa gindin tsamiyar nan, ta ce masa in ya kai maganar katako yaron nan zai tono, ga shi ya ja an kunyata uban jinjira a gaban mutane. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ce in tashi in ba ta wuri, in kuma cire wandon nan kafin ya bushe da caɓi.

Washegari da sassafe na ari diga da shebur na fara haƙa rami a cikin gidana, inda ruwan zai riƙa nutsewa. Hannun da bai saba da komai ba sai biro da ludayi, kafin hantsi ya yi bororo. Ina cikin haki sai na ji sallama. Mamman mahauci ne da diga, manomin nan da jakinsa ɗauke da duwatsu, tela, samarin ƙwallo, har da dattijo mai ƙarar jaki. Ba wanda ya ambaci jiya. Mamman dai da ya karɓi digar hannuna ya ce, "Kawo, Malam. Kai ka tsaya ka duba, ai aikinka na." Sai a lokacin aka yi dariyar da aka riƙe tun jiya, ni ma na yi, na ji kamar an sauke mini dutse.

Muna cikin aikin ne Mamman ya gaya mini a hankali cewa su Baba Ladan ɗiya ɗaya Allah ya ba su, kuma a wurin haihuwa ta rasu, ita da abin cikin, a kan hanyar zuwa birni. Tun daga nan duk gidan da aka haihu ba uwa kusa, Inna Kulu ce ke zuwa. Ya ce maganar tura ungozoma koyon aiki ma daga bakinta ta fito.

Kafin azahar mun gama ramin, mun toshe rariyar baya, mun kwashe caɓin lungu mun zuba yashi. Na wanke kuros ɗin da hannuna. Ranar Litinin Alhaji Bawa ya zo ya duba, ya tarar da lungu a bushe. Ƙarin girma dai bai zo ba a shekarar, kuma ban ga laifin kowa ba.

A cikin shekarar aka yi wa rijiya murfi, aka zuba duwatsu a hanyar fadama, aka dasa itatuwa, awaki suka cinye rabi, rabi suka tsira. Takardar neman a koyar da ungozoma ni na rubuta ta, na yi ta sintiri da ita ofis-ofis har aka ɗauki mata biyu. Jakin maƙwabci bai koma ko'ina ba. Shekara shida muka yi a gidan nan, kuma da izinin mai gidan na sa aka fasa 'yar ƙofa a katangar baya, don tsohuwa ta huta da zagaye. Ta ƙofar nan 'yata ta koyi tafiya, daga tsakar gidanmu zuwa cinyar Baba Ladan. Su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

Daga baya ni ma na zama shugaba, aka riƙa turo mini sababbin yara masu ɗanyen kaki. Duk wanda ya zo, ranar farko ba na ba shi unguwa. Cewa nake ya koma gida, ya zagaya bayan ɗakin da yake kwana, ya gaida wanda ya tarar a can, ya tambayi sunansa, gobe ya zo ya ba ni labari. Sukan dube ni kamar na fara rikicewa. Ba na yi musu bayani. Abin da dai na koya, kuma na biya shi da tsada, shi ne in ka ga kana ta surfa wa wani marar imani zagi, jama'a kuma sun sunkuyar da kai ba mai cewa amin, to ka sassauta murya. Mai yiwuwa kowa ya san mutumin, kai kaɗai ne ba a gabatar maka da shi ba.